Shekarar da Kaset Ya Saki Shanu a Fadama

Matasan da ake turowa sashen yaɗa labarai na ƙaramar hukuma a yanzu, ra'ayinsu ɗaya ne game da aikin shela. A ganinsu mutum zai zauna a gaban mota, ya riƙe makirufo, ya karanta abin da aka rubuta masa, ya koma gida ya ci tuwo. Kwanan baya ɗayansu ya ce mini, cikin ladabi kuwa, "Baba, ai wannan aikin ko na'ura aka ɗora sai ta yi." Na ce masa an taɓa ɗora ta. Ina cikin motar ranar da aka ɗora ta, kuma na san gonar da ta cinye.

Ni a gidan rediyo na koyi magana, a Sakkwato. Can aka koya mini inda ake numfashi a cikin jimla, da yadda ake faɗin mummunan labari ba tare da murya ta yi rawa ba. Da aka ƙirƙiro jihar Zamfara aka ce kowa ya koma gida, sai aka raba mu yadda aka raba tebura da kujeru. Masu wanda zai yi musu magana suka tsaya Gusau. Ni aka tura ni ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin arewa, ba kuma zan faɗi wacce ba. Wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, da wadda ta ratse zuwa Zurmi, ya san ƙasar da nake magana a kanta.

Aikina na farko shelar allurar ƙyanda ce, a wani ƙauye da ke gefen hanya. Wanda aka haɗa ni da shi shi ne Malam Garba Majigi, dattijon da tun zamanin En'e yake yawo ƙauye ƙauye yana nuna majigi. Na sa direba ya tsaya a ƙofar masallaci, na gyara murya, na karanta sanarwar daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Malam Garba bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Madalla da labarun duniya. To, da wa kaka magana?"

Na ce da mutanen gari.

Ya ce, "Maza na gona. Masu ɗiyan suna bayan katanga, suna daka. Kai ko ka tsaya nan kana yi ma tabarmin masallaci bayani. Sun ji, sun gode."

Muka sake shiga mota, muka bi lungu. Duk inda ya ji turmi sai ya ce a tsaya, a kashe inji. Ba ya fara magana sai ya ji daka ta lafa. Abin da na karanta a shafi guda, shi a jimla uku ya faɗe shi: ran kaza, ƙofar mai gari, kyauta ne. Sannan ya ajiye makirufo a cinya ya yi shiru. Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce, "Wanda ad da zazzaɓi hwa, a kawo shi?" Babu wannan a takardar. Ya ce mata zai tambayo likita, gobe sankiran mai gari, mai yi masa shela, zai kawo amsa. Ya kuwa tambayo.

Wannan shirun shi ne sana'ar. Faɗa kowa ya iya. Mai shela yana faɗa, ya tsaya a tambaye shi, abin da bai sani ba ya koma da shi ofis ya matsa wa masu ofis har su amsa. Ita ƙaramar hukuma ba ta da wata kafa da take jin abin da mutanen ƙauye ke cewa sai wannan motar, domin shugaba ba ya zuwa, kansila kuwa sai lokacin zaɓe.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu mai biyayya a cikinsu. Tsohuwar mota ce da lasifika biyu a kanta, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya. Akwai amfilifaya da ke zafi kamar dutsen guga, sai ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma idan rana ta take. Akwai batirin mota na daban, wanda ake dubawa a zuba masa ruwansa kafin a fita, in ba haka ba muryarka ta mutu a tsakiyar sunan hakimi. Akwai rediyo mai cin kaset, da fensir na juya zaren idan ya cinye. Sauran ilmin a jiki yake. Ka juya wa iska baya, ta ɗaukar maka maganar. Kada ka saita lasifika ga bangon siminti, maganar za ta dawo ta haɗu da wadda ke fita. Kada ka kunna kusa da kara, inda ake cinikin shanu, ba ka rage ƙarfi ba, shanu su tsinke igiya. Kada ka shiga gari kana magana kafin ka sauka ka gaida mai gari, in ba so kake ka yi wa akuyoyi shela ba.

Masu kawo mana aiki iri biyu ne. Akwai waɗanda ke da abin da suke so jama'a su sani, kamar malaman asibiti da malaman gona da masu rajistar zaɓe. Waɗannan ba su da wahala, sai dai su kawo maka Turanci mai tsawo, ka zauna ka tace shi har ya zama magana. Akwai kuma waɗanda ke so jama'a su san su. Su ne zaɓaɓɓu. Kansila zai aiko a shelanta gyaran rijiya, ka duba ka ga sunansa da muƙaminsa da godiyarsa ga shugaba sun cinye takardar, rijiyar tana can ƙasa a layin ƙarshe, ba a ma faɗi ƙauyen da take ba. Na taɓa shelanta buɗe wani ɗakin shan magani da mutanen garin suka fito suna tambayata inda yake. Muka zagaya tare muna nema.

Amma duk shekara akwai shela ɗaya da ba a wasa da ita, ita ce ta sakin shanu. Bayan girbi, makiyaya suna so su shiga gonaki su ci kara da harawa, manoma kuma suna so su shiga, domin takin da shanun za su bari. Abin da ake jayayya a kansa kawai shi ne rana. Yadda na tarar ana yi, kowane yanki da ranarsa. Sarkin noma zai zagaya, ya tsinki zangarniya ya ciza ƙwayar. In ta fashe da madara, ba ta yi ba. In ta yi ƙaras a haƙori, an kusa. Sai mai gari da sarkin noma da arɗo su zauna su sa rana, a kai wa hakimi, hakimi ya aiko mana. Sankira ya bi gari da ganga ya faɗa wa manoma, mu kuma mu kai kasuwa da rugage. Mutanen tudu masu gero su ne ke fara sakin gonakinsu. Mutanen bakin gulbi su ne na ƙarshe, domin ƙasarsu laka ce, ruwa na kwanciya, shuka tana makara, dawarsu tana tsaye kore lokacin da tudu ya riga ya bushe.

Tungar Kwasau tana cikin waɗannan garuruwa na bakin gulbi. A can na san Nomau, babban manomi mai gida cike da mutane, ƙannensa da matansu da 'ya'yansu duk tukunya ɗaya. Ba shi da gonar tudu. Abin da gidan zai ci daga kaka zuwa kaka yana cikin dawar fadama, kuma duk lokacin da muka je garin shi ne mai tambaya ta farko.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, Malam Garba ya riga ya yi ritaya, motar tana hannuna. Ba zan ɗora wa shari'a abin da ya faru ba. Na ga talakawan da suka yi tafiyar ƙasa don murna, suna fatan daga ranar babba ba zai sake cin ƙarami ba. Na kuma ga wani irin mutum da kowace iska ta taso yake shanya rigarsa a kanta. Irinsu ne Alhaji Sale, kansila mai kula da ayyukan gona. Dillalin hatsi ne kafin siyasa, kuma da kalangu da maroƙa ya yi yaƙin zaɓensa, ni na ba shi aron wayar lasifika. Ana fara maganar shari'a gemu ya fito masa da saurin da ban taɓa ganin gashi ya yi ba, wando ya ɗage, ya fara ce wa masinjan ofis "ya akhi".

Abu na farko da ya yi shi ne aika wa masu gari cewa sankira maroƙi ne, ganga kuma kiɗa ce, a daina. Babu malamin da ya ce masa gangar shela da gangar biki ɗaya ne, bai kuma tambaya ba. Abu na biyu, da kaka ta zo, ya kira ni ofishinsa.

Ya ce, "Malam, wannan rarrabuwar ta ƙare. Al'umma ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya, rana ɗaya. Asabar ta sama za a saki shanu ko'ina."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tudu ya gama. Bakin gulbi ba su aiko ba."

"Su wa za su aiko?"

"Mai gari da sarkin noma da arɗo."

Ya ce, "Su aka zaɓa ko ni?"

Na ce shi aka zaɓa, amma dawa ba ta nuna ba. Ya ce shekararsa nawa yana sayar da dawa, ni ɗan rediyo zan koya masa dawa? Gaskiya ne, ya san dawa ƙwarai, a cikin buhu.

Sannan ya fito da ainihin abin da ya kira ni dominsa. Ba ya so in karanta. Da muryarsa za a yi, a kaset, don kada wani ya ƙara ko ya rage. Muka rufe ƙofa muka ɗauka. Ya yi sallama mai tsawo, ya faɗi sunansa, ya faɗi muƙaminsa, ya gode wa shugaba, ya sake faɗin sunansa. Ya saurara, bai ji daɗin tarin da ya yi a tsakiya ba, muka sake. Ya tambaye ni ko akwai abin da ake murɗawa murya ta riƙa amsa kuwwa irin ta masu wa'azi. Na ce babu, ko da yake akwai. A ƙarshen kaset ɗin ne maganar take: daga Asabar, an saki gonaki duka, a faɗin ƙaramar hukuma, tudu da fadama.

Ran kasuwa ya ce da shi za a je. Ya shiga gaban mota, ni na koma baya da amfilifaya a cinya. Muka tsaya a bakin kara, inda Fulani suka fi taruwa, na rage ƙarfi na kunna. Yana zaune yana gyaɗa kai, leɓensa na bin maganar. Da kaset ya ƙare sai Arɗo Jaye ya matso jikin taga. Dattijo ne da ya daɗe yana zama da masu garin bakin gulbi a kan wannan rana.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, na ji an ce har fadama. Fadamar Kwasau na ciki?"

Alhaji Sale ya waiwayo ya ce mini, "Mayar mishi baya, bai ji ba."

Na mayar. Muka sake jin sallama da suna da muƙami da godiya. Arɗo ya tsaya har ƙarshe, ya ce, "Na ji wanga. Ni tambaya nika yi. Jiya na biyo ta can, dawa na tsaye."

"Mayar mishi."

Mutane suka fara dariya. Wani mahauci ya ɗaga murya ya ce, "Arɗo, bari mota ta huta, kar ka kashe muna kansila da maimaici!" Alhaji Sale ya ɗauka yabo ne, ya ɗaga masa hannu.

Na sauka kamar zan gyara wayar lasifikar baya, na ja Arɗo gefe na ce masa bakin gulbi ba su sa rana ba, ya riƙe shanunsa. Ya ce, "Malam, nawa ba su shiga. Amma dubi can." Ya nuna mini wasu mutane masu dogayen sanduna da rawani, a tsaye nesa kaɗan. Baƙi ne da suka sauko daga Nijar ta wajen Jangeru, kamar yadda suke saukowa kowace kaka. Ya ce, "Su ba su san ka ba, ba su san mai garin Kwasau ba. Mota sunka sani, kuma mota ta ce a shiga."

A hanyar komawa na gaya wa kansila abin da Arɗo ya ce. Ya ce Arɗo na cikin masu son a ci gaba da tsohon tsari. Washegari na nemi a ba ni mota in kai wa Tungar Kwasau labari ko sa yanke abin da ya yanku. Aka ce kansila ya tafi da ita wata kasuwar, shi da kaset ɗinsa. Na ba wani mai babur saƙo ya kai wa mai gari. Mai gari ba shi da sankira, sai ya faɗa a masallaci bayan sallar asuba, waɗanda suka zo suka ji. Ko da sun ji duka, babu abin da za su yanka. Dawar tana madara.

Ran Asabar da hantsi garken baƙi suka gangaro fadamar Kwasau. Gonar Nomau ce ta farko daga mashaya. Na je na gani daga baya. Shanu ba sa cin dawa a tsaye kawai, turmushe ta suke yi, abin da baki bai kai ba ƙafa ta kai. Ƙannen Nomau sun fito da fartanyoyi da gatura, kuma da jini ya zuba in ba don Nomau da kansa ya tsaya tsakaninsu da baƙin ba, yana cewa yanzu akwai shari'a, a je gaban alƙali.

Kotun ta cika, domin a lokacin mutane na zuwa su ga abin da suka yi wa murna. Alƙalin malami ne mai natsuwa, ba ya gaggawa. Baƙon makiyayin ya ce, "Alƙali, ban ɓoye ba, ban sata ba. Da rana na shiga, bayan hukuma ta ce a shiga. Duk kasuwa ta ji." Aka aiko ofis a kawo kaset, ni na kai shi da rediyon. Alƙali ya ce a kunna. Kotu ta saurari sallama da suna da muƙami da godiya, har aka iso tudu da fadama. Ya sa aka mayar da wurin, shi kaɗai ne mutumin da na ga ya nemi a mayar don yana so ya fahimta. Sannan ya ce wanda ya shiga da izinin hukuma ba mai ta'adi ba ne, wanda ya ba da izinin shi ne zai zo ya yi bayani. Aka aika wa kansila. Yana Gusau wajen taro. Aka sake aikawa. Ya tafi ta'aziyya. Daga ƙarshe majalisar ƙaramar hukuma ta aiko cewa al'amarin na mulki ne, ta kafa kwamitin bincike, kuma tunda maganar gona ce, kansila mai kula da ayyukan gona ne zai shugabanci kwamitin.

Kwamitin ya yi zamansa a ofis, da lemo da naman kaza. Bai je Kwasau ba, saboda hanya. Da ya gama aka ba ni sakamakon in kai. Wannan karon kansila bai nemi a ɗauki muryarsa ba, ya ce tawa ta fi fita.

Na sauka na gaida mai gari. Na sa aka tsaya a dandali, aka kashe inji. Garin duka ya fito, har mata sun tsaya a bakin zauruka, domin an ji cewa hukuma ta aiko da amsar dawa. Na karanta yadda aka koya mini a Sakkwato, murya ba ta yi rawa ba. Kwamiti ya gano cewa abin da ya faru ƙaddara ce. Kwamiti ya yaba wa jama'a da haƙurinsu. Kwamiti yana kira ga manoman bakin gulbi da su riƙa girbi a kan lokaci.

Can sai Nomau ya tako har jikin mota. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya gaishe ni sosai, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, ke nan?"

Na ce ke nan.

Ya ce, "To, mu mun ji. Ka taimaka ka gangara da motar fadama ka hwaɗa ma dawa. Ita ta ba ta ji ba."

A ranin nan gidan Nomau ya watse. Ƙannen suka tafi cin rani Kudu, biyu ba su dawo da zama ba. Matan suka koma gidajen iyayensu da yara, wai sai kaka. Shi ya zauna, ya sayar da shanun huɗarsa ya ciyar da waɗanda suka rage, da damina ta zo ya yi noma da hannu.

Da kaka ta zagayo, mutanen Tungar Kwasau ba su jira sarkin noma ba, ba su jira mota ba. Suna jin an fara maganar rana a ofis suka shiga fadama da lauje, suka yanke dawa tana madara, suka ɗaure ta ɗanya suka zuba a rumbu. Wadda ba ta yi fumfuna ba ta motse, in ka sussuka dami sai ƙaiƙayi ya fi ƙwaya. Na ga Nomau yana sheƙe tasa a ƙofar gida, iska tana tafiya da mafi yawanta.

A taron majalisa na ƙarshen shekara, Alhaji Sale ya miƙe ya ce shawarar kwamitinsa ta yi aiki: bana Tungar Kwasau ce ta riga kowane gari gama girbi. Aka yi kabbara, aka amince a ba garin takardar yabo. Mai gari ya aiko cewa ba ya jin daɗin jikinsa, aka nemi wanda zai karɓa a madadin manoma. Kansila ya ce a kira wannan babban manomin nasu, Nomau, ai shi ya fi cancanta.